Sensar gam ta rikice a injin kwali: me za a duba kafin a sayi sabuwa?

Wani ƙanena a sana'a, mai kula da injin liƙe kwali a wani kamfanin man gyaɗa a Gombe, ya aiko mini da tambaya. Ya ce akwai sensa mai hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, da ke duba ko gam ya sauka a leɓen kwali kafin injin ya rufe shi. Ta yi kusan shekara biyu lafiya lau. Tun shigowar hunturu ta fara fitar da kwalaye masu gam a matsayin marasa gam. Ya ƙara mata kaifin ido, sai ta koma barin marasa gam suna wucewa, har kwali ya buɗe a hannun masu lodi. Manaja ya ce a yi odar sabuwa daga Legas. Ya ce, "Oga, ta mutu ne, ko akwai abin da ban gani ba?"

Ƙanena, ban ga injinka ba, amma daga yadda ka bayyana, ina zargin za a bar jaki a doki taiki. Sensar da ta mutu ba ta wannan wasan. Ko dai ta yi shiru gaba ɗaya, ko fitowarta, wato amsar da take aika wa injin, ta maƙale wuri ɗaya. Wadda ke amsawa in ka taɓa kaifinta, tana yin kuskure ta wannan gefe yau, gobe ta wancan, tana gani. Abin da take gani ne ya canza.

Ita wannan sensa ba gam take gani ba, ƙyalli take gani. A cikinta akwai fitilar LED mai fitar da hasken UV, tsawon zangonsa wajen nanomita 365 zuwa 375, ƙasa da inda idon mutum ke fara gani, wato wajen 400. In hasken ya faɗa kan wasu sinadarai, sai su haɗiye shi su mayar da wani haske mai tsawon zango fiye da na farko, wanda ido ke gani, galibi shuɗi, wani lokaci kore ko ja. George Stokes na Jami'ar Kambirij a Ingila ne ya yi bayanin wannan a 1852. Duk wanda ya taɓa haska kunama da tocilar UV da dare ya san abin: dabba baƙa ko ruwan ƙasa, sai ta koma tana ƙyalli shuɗi-kore kamar an kunna mata fitila a ciki. Haka ma takardar naira a ƙarƙashin fitilar duba kuɗi. A gaban idon karɓa na sensar akwai matata da ke tare UV ɗin da ya dawo, ta bar wannan ƙyallin kaɗai ya shiga. Sai sensar ta auna yawansa ta gwada da iyakar da aka saita mata. Ya haura iyaka, ta ce akwai gam. Bai kai ba, ta ce babu.

To a nan gizo ke saƙar. Kwalin shi ma yana da nasa ƙyallin, komai ƙanƙantarsa. Aikin sensar duka ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin ƙyallin gam da ƙyallin kwali. In gam yana ba da 80 kwali yana ba da 10, ka sa iyaka a 45, ka yi barcinka. In ƙura da tsufan fitila suka sauko da gam zuwa 40, ko sabon kwali ya hau zuwa 35, babu inda za ka ajiye iyakar ta zauna lafiya. Ka ɗaga, ta ƙi kwali mai kyau. Ka sauke, ta karɓi marar gam. Abin da ya same ka ke nan da ka murɗa kaifin. Ƙara kaifi yana ɗaga duka biyun tare, gam da kwali, ba ya buɗe tazarar.

Don haka abu na farko ba mitar awon wuta ba ne, ba sukudireba ba ne. Nemo tocilar UV. In za ka samu mai nanomita 365, ita ta fi, don irin na kasuwa masu 395 suna zubo hasken shanshanbale mai yawa da ke rufe maka ido, kuma wani gam ɗin ba ya amsa musu yadda yake amsa wa sensar. Ka ɗauki kwali uku: mai gam daga aikin yau, marar gam daga kayan yau, da tsohon kwali na bara in akwai ragowa a sito. Ka shiga da su ɗaki mai duhu ka haska. Gani ya kori ji. Kada dai ka kalli bakin tocilar ko na sensar kai tsaye, rashin ganin hasken ba ya nufin ba ya cutar da ido. Sa tabarau na kariya.

Na taɓa yin kwana biyu a wani kamfani nan Bauchi a kan irin wannan matsala. An canza sensa, an canza waya, an kusa canza katin shigarwa na PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. A rana ta biyu da yamma, na gaji, na kashe fitilar sito na haska kwalayen. Tsoffin suka yi duhu, layin gam kaɗai ke walƙiya a kansu kamar zaren lantarki. Sababbin kuwa, duk leɓen ya ɗauki shuɗi fes, gam ɗin ya ɓace a cikinsa kamar gishiri a ruwa. Ashe sashen saye ya koma wani mai kawo kwali, wanda nasa ke da farin shafi. Da rana, a ido, kwalin ya fi kyau, kowa na yabo. Ba wanda ya ga dalilin gaya wa masu gyara.

Dalilin shi ne masu yin takarda suna zuba wani sinadarin ƙara fari, wanda ke shan UV ya mayar da shuɗi, ido kuma ya ɗauka fari ne ƙal. Shi ne dai ke cikin garin omo, shi ya sa farar shadda da aka wanke take ƙyalli a ƙarƙashin fitilar duba kuɗi. (Bular wanki daban ce, launi ne kawai, ba ta ƙyalli, yara masu koyon aiki sukan haɗa su.) Ko kwali ruwan ƙasa bai tsira ba in da takardar da aka sake sarrafawa aka yi shi, don gutsattsarin farar takarda na cikinsa. Za ka ga ɗigo-ɗigo suna ƙyalli nan da can, kuma yawansu na bambanta daga wannan lodi zuwa wancan. Irin wannan ne ke sa sensa ta yi aiki ranar Litinin ta ƙi ranar Laraba, a ce aljanu ne. In ka tarar da haka, hanya uku ce: a koma tsohon kwali, ko a nemi gam mai ƙyallin wani launi, kore ko ja, a haɗa da sensa mai matatar da ke toshe shuɗi, ko kuma a matsar da inda sensar ke kallo zuwa ɓangaren da ba shi da farin shafi, in zanen kwalin ya yarda. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan sensa, su SICK da Banner da Leuze, suna bayyana a takardar kowace iri wane zangon haske take karɓa. Karanta taka.

Sai gam ɗin kansa. Tambayi mai sito ko buhun da ake zubawa yanzu shi ne na bara, suna ɗaya, lamba ɗaya. Ba kowane gam ke ƙyalli iri ɗaya ba. Wani yana yi ne da ɗabi'arsa, kaɗan, wani kuma da gangan masana'anta suka zuba masa sinadarin alama don irin wannan sensa. Lokacin da kaya suka yi tsada, abu na farko da ake yi shi ne neman gam mai araha, ko a gauraya biyu a tanki ɗaya. Yana liƙewa, don haka kowa ya gamsu, sai sensa kaɗai ta san an yi canji. Duba kuma zafin tankin. Gam mai narkewa na kwali yawanci ana aiki da shi ne tsakanin digiri 150 zuwa 180. In aka bar shi yana dahuwa awa da awa injin na tsaye, abin da ke faruwa kullum in an ɗauke wuta an dawo ko ana jiran kaya, sai ya ƙone ya koma kalar zuma mai duhu, ƙyallinsa ya ragu, baƙin ƙonon kuma ya fara toshe bakin bindigar da ke zuba gam ɗin. Layin gam ya sirance. A nan sensar da ta ƙi kwalin gaskiya ta faɗa, gam ɗin ya yi kaɗan, kai ne kake ganin kwalin lafiya yake don ya rufe a gabanka. Yage biyar daga cikin waɗanda ta fitar. In takardar ba ta yage tare da gam ɗin ba, ya ɓalle salin-alin, ka ba sensar haƙuri.

Amma tunda ka ce da hunturu abin ya fara, bari in daɗe a kan ƙura. Ba sai kana aiki a wajen siminti irin Ashaka ba kafin ƙura ta dame ka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu duk Gombe da Bauchi a cikin hazo muke. Ƙurar tana cin hasken sau biyu, yana fita ta rage shi, yana dawowa ta sake ragewa, kuma UV ya fi hasken da muke gani saurin watsewa a jikin ƙananan ƙwayoyi. A wajenku abin ya ninka, don akwai tururin gam da maiƙon man gyaɗa a iska. Su ne ke fara kwanciya a gilashin, ƙura ta zo ta manne a kai, ta zama wata fata siririya da ba ka ganin ta sai ka haska daga gefe. Hura iska ba ta cire ta.

Wajen gogewa ne ake yin ɓarna mafi yawa. Na ga yaro ya wanke idon sensa da ruwan omo, da kyakkyawar niyya. Ruwan ya bushe, ya bar sinadarin ƙara farin nan a kan gilashi, sensar ta koma kallon ƙyallin fuskarta, tana cewa akwai gam ko bel ɗin babu komai. Haka zaren farin tsumma ko gutsuren tishu in ya maƙale a gefen ido. Haka giris da man inji, da yawansu suna ƙyalli; yatsa ɗaya na makanike ya isa. Yi amfani da ƙyalle mai laushi marar zubar da zare, da ruwa mai tsabta, in maiƙo ya ƙi fita ka ɗan jiƙa da sifirit bayan ka tabbatar daga littafinta cewa idon zai jure. Fetur da tina kada su kusance ta, suna dusar da idon roba har abada. Bayan ka goge, haska wurin gaba ɗaya da tocilar: bel, ƙarfen jagora, duk abin da ke bayan leɓen kwali. Ɗigon gam da ya taru a ƙarfen da ke bayan inda sensar ke kallo yana sa ta ga gam kullum, kwali ya zo ko bai zo ba.

Wani abu da ya shafi ƙura: in wani ya yi dabara ya sa mata murfin roba mai gani don kare ta, cire shi ka gwada. Robar folikabonet, wadda ake yin garkuwar injina da ita, tana tare UV kusan duka a wannan zango. Kai kana ganin komai ta cikinta, sensar kuwa an rufe mata fitila.

Daga nan ka ɗauko ruli. Kowace irin wannan sensa tana da nisan da gilashinta ke tattara haske, wata milimita 10, wata 20, wata 50, wata fiye, kuma sassaucin da ke gefen wannan nisa kaɗan ne, musamman ga masu gajeren zango. Injin yana girgiza dare da rana, notin mariƙi yana kwancewa, mai shara ya buge ta da gwiwa ya mayar da ita da ido. Milimita kaɗan sun isa su rage abin da take karɓa sosai. Sa farar takarda a daidai inda leɓen ke wucewa, za ka ga ɗigon hasken ya fito shuɗi. Ya zama ƙarami mai kaifin baki, kuma ya faɗa tsakiyar layin gam, ba gefensa ba. Ka lura da leɓen yana gudu: busasshiyar iskar hunturu tana lanƙwasa kwali, leɓe ya riƙa tashi yana sauka. In haka ne, gyaran yana wajen ƙarfen da ke danne leɓen, ba wajen sensa ba. In kuma kwalin mai sheƙi ne, ɗan karkatar da ita kaɗan daga miƙe yakan taimaka.

Hasken waje ba ya yawan damun su, don fitilarsu tana ƙiftawa ne da wani sauri na musamman kuma idon karɓa wannan ƙiftawar kaɗai yake saurara. Rana kai tsaye ce kawai takan cika idon ta makantar da shi. In kuskuren yana zuwa a lokaci ɗaya kullum, a ce tara zuwa goma na safe, ɗaga kai ka nemi hujin kwano ko taga.

Yanzu ka ɗauko mita. Yawancinsu suna cin wutar DC tsakanin bolt 10 ko 12 zuwa 30, injina kuma bolt 24 suke bayarwa. Auna a bakin fulogin sensar, ba a cikin fanel ba, kuma injin yana aiki, lokacin da bawul-bawul ke bugawa. Launin wayoyi a fulogin M12 tsari ɗaya ne: ruwan ƙasa shi ne wuta, shuɗi shi ne sifili, baƙi shi ne fitowa, fari kuma na aiki na biyu. Wannan farin ka kula da shi. A wasu sensa shi ne wayar koyarwa daga nesa, wadda ke sa sensar ta saita iyakarta daga abin da aka nuna mata. In an bar shi tsirara a cikin hanyar wayoyi yana taɓa wuta jefi-jefi, sensar za ta riƙa sake koyon abin da ke gabanta ba da sanin kowa ba. Littafin zai faɗa maka inda za a ɗaure shi in ba a amfani da shi. Girgiza wayar da hannu kana kallon fitilar fitowa, musamman wajen wuyan fulogi inda take karyewa ta ciki. Ka duba ko an kwantar da ita a hanya ɗaya da wayar inbatar da ke juya motar injin. In haka ne raba su. Ka kuma lura ko matsalar na ƙaruwa in an koma janareta.

Akwai tambaya ɗaya da ba ka amsa ba tun kafin in yi ta: an ƙara gudun injin? Yi lissafin da kanka. Bel mai gudun mita 60 a minti yana cin mita 1 a sakan, wato milimita 1 a kowane milisakan. Ɗigon gam mai tsawon milimita 10 zai wuce gaban sensar cikin milisakan 10 kacal. Sensar za ta gan shi, don amsawarta ta fi haka sauri nesa. PLC ne abin ji. Ƙofar shigarwarsa tana da matatar jinkiri, a Siemens S7-1200 misali daga masana'anta milisakan 6.4 ce, ga kuma lokacin da yake ɗauka ya zagaya shirinsa. In zagayen ya kai milisakan 10, wani ɗigon zai shige tsakanin leƙe biyu. Alamar ita ce fitilar jikin sensar tana ƙiftawa daidai amma injin ya fitar da kwalin. Maganin, a kunna jinkirin sakewa a sensar don ta riƙe fitowar na ɗan lokaci, ko a rage matatar ƙofar, ko a mayar da wayar ƙofa mai saurin ƙirga.

Sai bayan duk wannan za ka sake koyar da ita, kuma da kayan yau. Bar ta ta yi ɗumi na wasu mintoci. Nuna mata gam mafi siranta da za ku yarda da shi, ba mafi kauri ba, sannan ka nuna mata kwali marar gam mafi ƙyalli da ka samu a ɗakin duhu. In tana da allo ko layin fitilu masu nuna ƙarfi, rubuta lambobin biyu da kwanan wata a jikin ƙofar fanel. Ni ina son gam ya ninka kwali aƙalla sau biyu ko uku kafin in bar wurin da kwanciyar hankali. Daga nan ka rufe bindigar gam da gangan ka tura kwali goma. In ɗaya ya wuce, aikin bai ƙare ba. Cire fulogin sensar ma injin na gudu ka ga abin da zai yi: ya kamata ya ƙi kowane kwali ko ya tsaya. In ya ci gaba da karɓa, an rubuta shirin a juye, kuma ranar da waya ta tsinke za ku loda mota guda ba gam.

Manajanka zai iya yin gaskiya ta hanya ɗaya. Fitilar UV tana dusashewa da aiki, zafi kuma yana gaggauta hakan. Yawancin waɗannan sensa iyakar zafin wurin aikinsu wajen digiri 55 ne. A watan Afrilu Gombe tana taɓa 40 a inuwa. Ƙara rufin kwano, ƙara tankin gam a gefenta, za ka ga ba ta da sauran wurin numfashi. Shekara biyu a irin wannan wuri na iya rage ta. Yadda za ka gane shi ne da abin gwaji da ba ya canzawa. Wasu masana'antun suna sayar da kati mai matakan ƙyalli don wannan aiki. In ba ka da shi, yanki leɓen kwali mai gam ka adana a ambulan ruwan ƙasa cikin aljihun tebur, nesa da rana, don haske yana cin ƙyallin. Kowane wata, ido a goge, nisa ɗaya, ka auna ka rubuta. Kai da ba ka da tsohon rubutu, aro irinta daga wani layin, ka ɗaura a wurin ka gwada su a kan kwali ɗaya. In taka ta ba da rabin ta aron, ta tsufa, a saya.

In an zo sayen, kada a aika da hoto kawai a WhatsApp. Kwafi cikakkiyar lambar da ke jikinta, harafi da harafi, don a gida ɗaya akwai masu nisa daban, matata daban, fitowa daban. Duba ko PNP ce ko NPN, wato iri biyu na fitowa: injinan Turai galibi PNP, da yawa daga na Asiya NPN, in aka saɓa fitilar sensar za ta kama amma PLC ba zai ji komai ba. Ka kuma tabbatar mai shagon bai miƙo maka sensar alamar launi ba, wadda ake sa wa injin leda, don jikinsu kusan iri ɗaya ne. In akwai hali, aika masa da leɓen kwali biyu, mai gam da marar gam, ya gwada a gabansa kafin a tura kuɗi. Sabuwar kuma a ɗaura ta nesa da tankin gam, ko a sa faranti tsakaninsu ya tare zafi, fuskarta tana kallon ƙasa ko gefe yadda ƙura ba za ta samu wurin zama ba.